Injin 2JZ: In Yi Oda Daga Waje Ko In Nema A Gida?

Tambaya: Ina da Lexus GS300 ƙirar 2001, ina son in ɗora mata injin 2JZ-GTE mai turbo. Wani ya turo mini hotunan injin daga Dubai, ya ce mai tsabta ne. Bakanikena kuma ya ce mu nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Ladipo. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ka yi dace da mota. GS300 irin taka ita ce ake kira Toyota Aristo a Japan, kuma a can ta fito da wannan injin mai lita 3 da turbo biyu tun daga kamfani, don haka zai zauna ba tare da yanke-yanke ba.

Injin da ke Ƙofar Ruwa ko Ladipo shi ma ta ruwa ya zo. Bambancin shi ne, wani ɗan kasuwa ya riga ya biya kuɗin jirgi da na kwastan, ya ɗauki asarar waɗanda suka iso a lalace, kai kuma za ka ga kayan da idonka kafin ka biya. Idan ka yi oda da kanka, duk wannan yana wuyanka. Da dala za ka biya, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, canjin ranar da ka tura kuɗi ba lallai ya zama na ranar da kaya suka sauka tashar jirgin ruwa ta Apapa ba. Ga kuɗin ajiya idan takardu suka yi jinkiri. In ka buɗe ka tarar da matsala, wa za ka kama?

Hoto ba ya nuna cikin inji. Waɗannan injina sun tsufa; an daina ƙera motar Supra mai ɗauke da irinsu tun 2002, kuma da yawansu sun sha wuya a hannun masu tsere. Ka tafi da bakanikenka. Ya buɗe murfin baƙin mai ya haska ciki da tocila: in ya ga daskararren mai kamar kwalta, ko fari-fari alamar ruwa ya shiga, ku bar shi. Ya kwance fulogai shidan ya jera su, ya gwada matsin kowace silinda. Ya taɓa farfelar turbo ya ji ko tana lilo. Na kasuwar Japan da farfelar tangaran suka zo a ɓangaren hayaƙi, kuma tana fashewa idan aka ƙara mata iska fiye da ƙima. Sannan ku rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji da sharaɗin canji, a gaban shaida.

Ku kuma lura, 2JZ-GE marar turbo, wato irin wanda ke motarka yanzu, ya cika kasuwa, mai turbo kuwa sai an tona. Kada kamannin suna ya ruɗe ka.

In kun nema ba ku samu ba, to oda ta zama dole, amma kada ka sayi inji tsirara. Ka nemi rabin mota, wadda ’yan kasuwa ke kira hafkot, domin a samu giyabos da birenbos da wayoyi duk na mota ɗaya. Neman waɗannan ɗai-ɗai ne ke ajiye mota a gareji wata da watanni. Ka bi ta hannun ɗan kasuwar da ke loda kwantena daga Sharjah, wanda ka san shagonsa a nan, kuma a tayar da injin a bidiyo ana nuna lambarsa.

Ka ware kuɗin mai wayarin da ya ƙware, don Aristo sitiyarinta a dama yake, sai an daidaita wayoyinta da na motarka. Ka sa sabon lagireto saboda zafin Kano a watan Afrilu, ka gyara birki, ka kuma bar ƙarfin turbo yadda kamfani ya saita shi, domin an yi injin ne don fetur mai daraja ta sama da wanda muke sha a gidajen mai.