Abin da Doka Ta Yarda da Abin da Ya Dace: Darasi ga Ɗaliban Aikin Likita

Tambayoyi biyu ne ke gaban duk wanda ya ɗauki allura zai yi wa ɗan Adam magani. Ta farko ita ce, shin doka ta yarda? Ta biyu kuwa, shin ya dace? Sau da yawa amsarsu ɗaya ce, shi ya sa ɗalibai kan ɗauka tambayar ma ɗaya ce. Wajibi ne malaman da ke horar da su, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda aka buɗe a 1983, ko a ƙananan asibitocin unguwar GRA inda wasunsu kan je neman ƙwarewa, su raba musu waɗannan biyu tun da wuri.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kano. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta hallaka dubban mutane. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin: kimanin rabinsu aka ba Trovan, saura aka ba su maganin da aka riga aka sani, watau ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu. Iyaye da dama sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi musu bayani da Hausa, sun kuma amince da baki.

Ta fuskar shari'a an yi shekaru ana fafatawa a kotunan Nijeriya da na Amurka, har a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Nan aikin lauya ya tsaya.

To, a nan ne malami zai ce wa ɗalibansa su rufe littafin shari'a. A ƙaddara ma cewa an yi bayanin da Hausa, uban yaro kuma ya ce to. Mutumin da ɗansa ke kwance wuya a sandare, bai iya karatu ba, bai taɓa jin kalmar gwaji a asibiti ba, yaya nauyin wannan "to" tasa? An gaya masa cewa a cikin asibitin nan akwai likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières da ke ba da sanannen magani, yana da ikon ya kai ɗansa can? Wa zai ci gaba da duba yaran bayan baƙin sun tafi? Kuɗin sasantawa bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don kuwa tambayoyi ne na ɗa'a da amana. Kuma amanar da ta karye tana da tsada: sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi.

Wani lokaci ɗa'a kan riga doka isowa. Shekara da shekaru asibitoci na ƙin taɓa wanda aka harba da bindiga sai an kawo takardar 'yan sanda, alhali kuwa kowane likita ya san jini ba ya jiran takarda. Sai a 2017 aka kafa dokar da ta tilasta a yi masa magani nan take. Ɗalibin Maiduguri ba ya bukatar a bayyana masa muhimmancin wannan.

Saboda haka in an ba ɗalibai labarin majinyaci, a sa su rubuta amsa biyu a takardu dabam. A ta farko su kawo doka da shekararta, kamar Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ko Ƙa'idojin Binciken Lafiya na 2007. A ta biyu a hana su ambaton doka sam, su faɗi abin da za su yi da dalilinsu. Takarda ta biyun ce malami zai fi ɓata lokaci a kanta.