Filin Shawara: Jirgina Yana Gudu, Amma Ba Ya Hawa

 Anti, ina da ƙaramin jirgin sama mai rimot, samfurin Extra 300, na ɗora masa inji O.S. 46AX mai shan metanol, da farfela 10x7. In na sake shi a miƙe, gudu ba a magana. Amma da na ɗaga hancinsa zan yi alkafura sai ya yi laushi tun bai kai ƙoli ba, in ya juyo ƙasa kuwa sai ya zubo da gudun da nake rasa yadda zan yi da shi. Abokina ya ce in sa 13x8, wai babba ta fi ja. Ni kuma raina ya fi karkata ga sayen wani injin. Me kika gani?

Ƙaninki, daga Jos

 Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu, injin nan ba shi da laifi. Farfelar mai tsere ka ɗaura wa jirgin da kake so ya yi rawa.

Duba lambobin nan biyu da aka buga a jikinta. Ta farko tsawonta ne daga baki zuwa baki, inci 10. Ta biyu murɗinta ne, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce iska ba ta zamewa, inci 7. Mu ɗauka injinka yana juyi 13,000 a minti. Murɗin inci 7 zai nemi kai ka kusan kilomita 140 a awa, na inci 4 kuwa bai wuce 80 ba. Tamkar giyar keke ce: babbar giya a shimfiɗaɗɗen titi daɗi gare ta, amma je ka hau tudu da ita ka ji yadda cinyoyinka za su yi.

Mai wasan alkafura ba gudu yake nema ba. Yana son jirgin ya ja shi sama ba tare da numfarfashi ba, ya amsa totur nan take, sannan in an rage wuta a gangara farfelar ta zame masa birki. Duk ukun nan doguwar farfela mai ƙaramin murɗi ke ba da su. Mai inci 12 tana share faɗin iskar da ya fi na mai inci 10 da kashi 44 cikin ɗari, shi ya sa take riƙe jirgi ko yana tafiyar hawainiya.

To abokinka ya faɗi rabin gaskiya, sauran rabin ne zai ƙona maka inji. Nauyin da farfela ke ɗora wa inji tsawonta ya fi komai ƙara shi, kuma ba kaɗan-kaɗan yake hawa ba. A lissafin da masu wannan wasa ke yi, 13x8 ta ninka nauyin 10x7 fiye da sau uku. Inji mai cc 7.5 irin naka zai yi ta gurnani, juyinsa ya faɗi, ya ɗau zafi, ya mutu maka a sama. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce in ka ƙara inci ɗaya a tsawo, ka rage aƙalla ɗaya a murɗi.

Ni dai da 11x6 zan ce ka fara. Ita ce tsaka-tsaki ga wannan injin, kuma ta wadatar ga manyan zobba da mirgine-mirgine masu tsafta irin na gasar F3A. In kuwa abin da ke ranka shi ne ka tsayar da jirgin cak a sama, hanci sama wutsiya ƙasa, yana rataye a farfela, to nemi 12x4, ko 12.25x3.75 ta kamfanin APC wadda masu irin wannan wasa suka daɗe suna so. Sai dai ka auna tsakanin bakinta da ƙasa tukuna, kada ta riƙa yankar ciyawa wajen tashi.

Kuma kada ka manta a Jos kake. Garin yana kusan mita 1,200 sama da teku, iskarku ba ta da kauri kamar ta Legas. Injin yana samun ƙarancin iska, farfelar ma ba ta cizo sosai, saboda haka lambobin juyin da ka gani a bidiyon wani Bature da ke bakin teku ba lallai ka same su ba. Nemi 'yar na'urar ƙirga juyi, ko aro ne. Duk lokacin da ka canza farfela, sake saita allurar mai: murɗa a hankali har ƙarar ta kai ƙarshen kaifinta, sannan ka ɗan buɗe ta juyin ya sauka kaɗan. A sama farfela na sakin nauyi, injin ya ƙara gudu, in ka matse man tun a ƙasa zai bushe a can. Gwada kowace a rana ɗaya da mai iri ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wadda ta yi aikin ba.

Batun ta katako ko ta roba, kada ya hana ka barci. Ta katako ba nauyi, tana amsa totur da sauri, amma ko ƙasa ta shafa ta tafi. Wanda har yanzu jirginsa ke dungure wajen sauka ya riƙe ta roba.

Anti, barka da aiki. Jirgina ya dungura, farfelar ta ɗan tsage kusa da gindi. Na liƙe ta da gam mai ƙarfi, na goge, ko alama ba a gani. Kafin sabuwa ta iso daga waje sai an yi makonni. In ci gaba da ita?

'Yarki, daga Kaduna

A'a, 'yata. Karya ta biyu yau ɗin nan ki jefar, don kada ranar Asabar zuciya ta raya miki ki ɗaura. Bakin farfela mai inci 11 da ke juyi 12,000 a minti yana gudun da ya haura kilomita 600 a awa, kuma gindin da kika liƙe shi ke riƙe da duk wannan ƙarfin. In fiffiken ya ɓalle ba ya neman izini, idon wanda ke gefe zai samu, kuma yara ne suka fi matsowa kallo.

In za ki yi oda, sayi uku lokaci guda. Kowace ki ɗora ta a ma'auni kafin ki ɗaura. In gefe ɗaya ya rinjaya, shafa wa marar nauyin ɗan fenti marar launi har su daidaita, kada ki rage tsawon ɗayan. Ɗaure notin tamau. Wajen tayar da inji yi amfani da sanda mai roba ko sitata, ban da yatsa, ki koma bayan farfelar kafin ki taɓa allura. Gyalenki kuma ki ɗaure shi a ƙugu tun kafin ki durƙusa gaban injin.