Kafin a Ɗora wa Bishiya Inji: Jan Hankali ga Magidantan Abbatuwa

Kowane magidanci a unguwar Abbatuwa ta Jos ya san yadda damina ke shigowa. Wajen watan Afrilu hadari zai taso da iska mai ƙarfi, wani lokaci har da ƙanƙara, gari ya waye a tarar da kwanon wani ya yaye, reshe ya danne katangar wani. Daga nan sai kowa ya shiga neman mai injin yankan itace ido rufe. To, a irin wannan rana ce aiki ya fi tsada, ya kuma fi lalacewa. Lokacin duba bishiya shi ne rani, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da ƙasa ta bushe, mutum kuma yana da sararin yin ciniki a tsanake.

Ku sani, jama'a, yawancin dogayen bishiyoyin da ke ba mu tsoro ba 'yan ƙasa ba ne. Bishiyar turare daga Ostireliya aka kawo ta. Da Turawa suka buɗe haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, an cinye itatuwa da yawa, an bar ramuka da tarin ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta dasa turare a filayen da haƙa ta ɓata, domin ta riƙe ƙasa, a kuma sami itacen girki. Ta yi aikin da aka kawo ta dominsa. Sai dai an dasa ta ne a fili, yau kuwa gidaje sun iske ta. Tana iya haura mita 30, saiwarta na bin ruwa har cikin sokawe da bututu, kuma tana da halin sakin babban reshe ba sallama. Ga shi a wurare da yawa a Jos ƙasar ba ta da zurfi, dutse ne a ƙarƙashi, saiwa ba ta nutsa yadda ya kamata.

Duk da haka, ba kowace bishiya mai ban tsoro ce ta cancanci sarewa ba. Zagaya gindinta ka duba da idonka. In ka ga laimar kwaɗi ta tsiro a jikin gindin, ko kogo, ko gara ta ci ciki, ko ƙasa ta tsage ta ɗago a gefe guda alhali bishiyar ta karkata kwanan nan, wannan kam ta zama haɗari. In kuwa busassun rassa ne kawai, ko kauci ya kama mangwaro ko fiya, ko reshe ne ke gogar kwano, rage rassa ya wadatar. A ganina, mafi yawan bishiyoyin da ake kayarwa a unguwanninmu aski suke bukata, ba yanka ba. Wanda yake shakka ya nemi malamin daji na ƙaramar hukuma, ko ya tuntuɓi Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos, wadda ke koyar da wannan ilimi tun 1958.

Yanzu sai batun ɗaukar ma'aikaci, wanda shi ne gundarin wannan takarda.

Mallakar inji daban, iya aiki daban. Wanda ya saba kayar da itace a daji, inda ko'ina ya faɗi daidai ne, ba lalle ya iya sauke bishiya tsakanin ɗaki da katangar maƙwabci ba. Saboda haka ka tambaye shi gidan da ya yi aiki a baya, ka taka ka je ka gani. Sa'an nan ka kai shi gindin bishiyar ka ce, "Malam, ta ina za ta faɗi?" Gwani zai ɗaga kai ya dubi inda nauyinta ya rinjaya, ya dubi wayar wuta, ya gaya maka ko daga sama za a riƙa gutsurowa ana saukewa da igiya. Wanda ya ce maka, "Alhaji, kada ka damu, yanzu-yanzu za mu gama," tun bai zagaya ta ba, ka sallame shi da girma da arziki. Ka duba kayan aikinsa kuma. Mutum ya zo da silifa, ba hular kwano, ba igiya mai kauri, ba mataimaki, ka san da ransa yake caca, kuma a gidanka.

Kada a tayar da inji sai an gama magana a gaban shaida, in da hali mai unguwa, a kuma rubuta. Nawa ne jinga? Har da kwashe rassa da share wuri? Kututturen fa, za a tone shi ko za a bar shi? Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin turare tana sake tofowa daga kututture, bayan 'yan shekaru ka ga sanduna sun miƙe a inda ka biya kuɗi aka sare. In gungume ya fasa kwano ko katangar maƙwabci, wa zai biya? Sai kuma abin da ya fi haddasa rigima: itacen na wane ne? Kada ka raina shi. Gungume mai kyau katako ne, kuma kowa ya san Kasuwar Katako ba ta rasa masu saye. Miƙaƙƙun sanduna magina na tokare rufin kankare da su, ragowar kuwa masu gidan burodi da masu tsire na nema. Sau da yawa mai inji zai karɓi kuɗin aiki ya kuma kwashe itacen, ya ci biyu ke nan. In itacen zai ɗauka, a rage jinga. Kafin alƙalami kada ya wuce na mai da abinci, ciko sai aiki ya kammala.

Abu biyu ba a yin gaban kai a cikinsu. Bishiyar bakin titi ko ta filin hukuma ba taka ba ce don tana ƙofar gidanka. A nemi izinin ofishin gandun daji ko hukumar raya birni, wato JMDB. Reshen da ya kusanci wayar wuta kuma ba a taɓa shi sai an sanar da kamfanin wuta na JED sun ɗauke wutar layin. Ɗanyen reshe yana ɗaukar lantarki, tsanin ƙarfe kuwa ba a magana. Ranar aiki a gaya wa maƙwabta, a kawar da yara da awaki nesa, aƙalla ninki biyu na tsawon bishiyar.

In rage rassa za a yi, ka tsaya ka sa ido. Babban reshe ba a yanke shi sara ɗaya daga sama, don nauyinsa zai yago ɓawon bishiyar har ƙasa. Ana fara tsaga shi daga ƙarƙashi, a yanke daga sama gaba kaɗan, sa'an nan a gyara guntun dab da ɗan kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan bishiya ke rufe mikinta. Kada a raba ta da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara guda. Mummunar al'adar nan ta guntule kan bishiya gaba ɗaya ita ce ke haifar da tofo marar ƙwari, wanda iska ke karyawa nan gaba. Baƙin man mota da wasu ke shafawa a wurin yankan ba magani ba ne, guba ne. Mangwaro kuwa a bari sai an gama cin 'ya'yansa.

Wanda ya sare ɗaya ya kamata ya dasa wata, amma ya zaɓi wadda ta dace da fili. A ƙaramin gida gwaiba ko lemo sun fi turare nesa ba kusa ba, kuma ko su a nisanta su da katanga da sokawe. A dasa bayan ruwa ya zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato reshen da za a cire da wuƙa a shekarar farko, in an bar shi, shi ne za a kira mai inji dominsa. Mu a nan mun yi sa'ar taki, tunda ga mayanka a kusa, sai dai ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa. A tara shi ya ruɓe tukuna, a baza shi kewaye da dashen ba tare da ya taɓa gindin ba, a rufe da busasshiyar ciyawa. In hunturu ya shigo, a riƙa ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako maimakon yayyafi kullum, a kuma kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki.