Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake wanke tsofaffin kuɗi ba tare da an ɓata su ba?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya tsinci kwabo mai huji da sisi da sule a akwatin kakarsa, duk sun yi baƙi, yana tambayar yadda zai wanke su.

To Malam, kuɗin nan an daina kashe su ne bayan shigowar naira a 1973, kuma masu tara irinsu sun fi son su da duhunsu. Wannan duhun shaidar shekaru ce. Ka goge su su yi ƙyalli, ka karya musu daraja ke nan. Saboda haka toka da yashi da lemun tsami da soson ƙarfe, a bar wa tukunya. Tsami yana cin tagulla, yashi kuwa yana barin zane wanda ba ya gyaruwa.

In ƙasa ce kawai ta manne, jiƙa su cikin ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, kowane iri a kwanonsa, kada a haɗa tagulla da azurfa. Ka ɗauraye, ka ɗora bisa tattausan ƙyalle, ka danna a hankali, banda gurzawa. Wanda dattinsa ya daskare, bar shi cikin man zaitun makonni, sannan ka ɓamɓare da tsinken sakace.

Idan ka ga kore mai kamar gari yana fitowa, ware wannan kuɗin gefe, domin ƙarfen ne ke ruɓewa, danshi da gishiri ke jawo shi. Sai sun bushe sarai za ka adana su, kowanne a ambulan ɗinsa na takarda, kuma a riƙa kama su ta gefe.