Ranar da birki ya ƙi

Jama'a masu karatu, darasinmu na yau a kan birki yake. Kowa a cikinmu yana shiga mota, ko ya hau kabu-kabu, ko ya aza ɗansa bisa keke. In mun shiga mota mukan tambayi kuɗin mota, mu tambayi lokacin tashi. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko birkin motar yana da lafiya. Alhali kuwa ranmu duka yana rataye da shi.

Garinmu Gaya garin hanya ne. Daga Doso zuwa nan kimanin kilomita 150 ne. Ga hanyar Kamba mai shiga Nijeriya, ga kadarkon da ya haɗa mu da Malanbil ta ƙasar Benin. Shekara da shekaru manyan motoci sun bi ta kadarkon nan da kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu kuma sun gangara kudu da albasa. A shekarar 2023 aka rufe kadarkon bayan juyin mulkin watan Yuli. Ko a lokacin motoci da babura ba su daina kai da kawowa cikin gari da ƙauyuka ba. Gaya tana cikin kwarin kogi, saboda haka mai zuwa daga tudu sai ya gangaro. Ga zafi: a watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Ga ruwan sama, don yankinmu yana cikin waɗanda suka fi samun damina a Nijar. Gangare da zafi da ruwa da nauyin kaya, dukansu suna gajiyar da birki.

Yadda birki yake aiki

Murza tafin hannunka biyu da ƙarfi. Ka ji zafi? To, haka birki yake. In direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura wani ruwa da ake kira man birki. Man yana bi ta cikin ƙananan bututu har zuwa ƙafafun mota. Can sai ya tura takalmin birki ya matse wani ƙarfe mai juyawa tare da taya. A wasu motoci ƙarfen kamar faifai yake, a wasu kuma kamar kwano. Gugar nan ita ke tsayar da mota. Duk gudun da mota take yi, birki yana mayar da shi zafi.

Ke nan in gudu ya yi yawa, zafi zai yi yawa. In kaya sun yi nauyi, zafi zai ƙaru. In an daɗe ana taka birki ba hutawa, zafin ba zai sami lokacin fita ba.

Abin da masu tseren mota suka koya

A wasu ƙasashe ana yin tseren mota kamar yadda muke sukuwar dawaki. Dattawa sun tuna tseren Paris-Dakar. Na farkonsa ya ratsa Agadas da Yamai a farkon shekarar 1979. Akwai kuma tseren da ake yi cikin fili na musamman, motoci suna ta kewaya hanya ɗaya. Mafi shahara shi ne na garin Le Mans a Faransa. An fara shi a 1923, kuma awa 24 ake yi ana gudu, dare da rana.

A irin wannan fili motar tsere takan wuce kilomita 300 a awa. Da ta zo kwana sai direba ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Ya fita kwana ya sake gudu, ya zo wata kwana ya sake takawa. Faifan birkin manyan motocin tsere yakan kai digiri 1000, har ya yi ja wur kamar ƙarfe a maƙera. Ku tuna, ruwa yana tafasa a digiri 100 ne kawai.

Masu tsere sun gane birki yakan gaza ta hanya biyu. Ta farko, takalmin birki ya yi zafi fiye da kima, ya riƙa sulɓi bisa ƙarfe. Direba zai ji birki da tauri ƙarƙashin ƙafarsa, amma mota ba ta tsayawa. Ta biyu, man birki ya tafasa, kumfa ya cika bututu. Nan sai birki ya yi laushi, ƙafa ta tafi har ƙasa, ba abin da ya kama.

Don gudun haka suna canza man birki kafin tsere. Suna buɗe wa birki hanyar iska don ya sha sanyi. In sun gama gudu sukan yi kewaye ɗaya a hankali don ƙarfe ya huce. A 1953 motar Jaguar mai birkin faifai ta ci tseren Le Mans, domin faifai ya fi kwano saurin hucewa. Daga baya irin wannan birki ya bazu cikin motocin kowa da kowa.

A filin nan dai, ranar 11 ga Yuni 1955, aka yi hatsari mafi muni a tarihin tsere. Motar gaba ta taka birki farat ɗaya. Ta bayanta ta kauce. Ta ukun, wata Mercedes, ta zo da gudu ta hau ta biyun, ta tashi sama ta faɗa cikin ƴan kallo. Mutum fiye da 80 suka mutu. Birkin motar gaba lafiyarsa lau. Wuri ne ya yi wa na baya kaɗan. Wannan ma darasi ne: bar tazara tsakaninka da na gaba.

Direba da yaronsa

Ga misali daga namu wurin. Wani tsohon direba ya ɗauko buhunan hatsi daga Doso. Da suka wuce rabin hanya ya ba yaronsa tuƙi. Sun zo wani gangare sai yaro ya fidda giya, ya bar mota tana tafiya da kanta, ƙafarsa bisa birki.

Tsoho ya ce, "Kai yaro, mi kake yi haka?"

Yaro ya ce, "Maigida, mai nake tattali. Gangare ne, ai mota ta san hanya."

Tsoho ya ce, "Maza mai da giya! Ba ka jin ƙauri?"

Yaro ya shaƙa, ya ji ƙauri kamar na tsumma a wuta. Ya rage gudu da ƙyar, ya sa giya. Da suka sauka ƙasa suka tsaya gefen hanya. Hayaƙi na fita daga ƙafar baya. Yaro ya ɗauko jarka zai watsa ruwa.

Tsoho ya riƙe hannunsa, ya ce, "A'a. In ka zuba ruwa ga ƙarfe mai zafi sai ya lanƙwashe ko ya tsage. Sa dutse ga taya, mu zamna inuwa har shi huce."

Suna zaune sai tsoho ya ce, "Ɗana, man da ka so tattali bai kai kwalba ɗaya ba. In da a bakin kasuwa birkin ga ya ƙi, mi za ka gaya wa uwayen yara? Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Bar inji ya riƙe mota, birki ya taimaka masa."

Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ji, Maigida. Ba ni ƙarawa."

Motarsu ba motar tsere ba ce. Gudunta bai kai kashi ɗaya cikin uku na gudun motar tsere ba. Amma nauyin kaya da dogon gangare sun dafa birkinta kamar yadda gudu yake dafa birkin motar tsere.

Maganar man birki

Man birki yana da wani hali: yana shan laima daga iska. In ya sha ruwa sai ya riƙa tafasa da wuri. Dubi jikin gwangwani, za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Yanzu da kun iya karatu, ku karanta da kanku kafin ku saya. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205. In ya sha laima yana iya saukowa wajen 140. Sabon DOT 4 yana jure 230, mai laima kuwa wajen 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canza shi duk bayan shekara biyu.

Wasu in man birki ya ƙare a hanya sai su dama garin sabulu da ruwa su zuba. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma yana sa bututu tsatsa. Wasu sukan zuba man inji. Shi kuma yana kumbura robobin ciki ya lalata su. Wasu in bututun ƙafa ɗaya yana yoyo sai su toshe shi da ƙusa, mota ta rage da birkin ƙafa uku. Ranar da aka taka da ƙarfi sai ta ja gefe guda. Araha ba ta ado. Kada ka sayi man birki da aka ɗura cikin kwalba marar suna, ko wanda aka bari a buɗe.

Manyan motoci da yawa da iska birkinsu yake aiki. Direbansu ya jira allurar iska ta hau kafin ya tashi. Ya riƙa zubar da ruwan da ke taruwa cikin tankin iska. Kada ya yi ta taka-saki, taka-saki a gangare, don iskar tana iya ƙarewa.

Alamun birki marar lafiya

Birki ba ya mutuwa sai ya yi magana. Ga maganarsa:

1. Ƙara kamar ana wasa wuƙa in an taka. Takalmi ya cinye, ƙarfe na cin ƙarfe.
2. Birki ya yi laushi, ko sai an taka sau biyu kafin ya kama.
3. Mota tana ja hagu ko dama in an taka.
4. Man birki yana raguwa, ko ka ga danshi bayan taya.
5. Ƙauri ko hayaƙi daga ƙafar mota.

In ka ga ɗaya daga cikinsu, kai wa makanike tun yau. Da damina kuma, in ka ratsa ruwa, taka birki a hankali sau biyu ko uku don ya bushe.

Mai kabu-kabu ma ya duba wayar birkinsa kowace safiya. Ya yi aiki da birkin gaba da na baya tare. In ya ɗauki mutum uku da buhu, ya sani babur ba zai tsaya inda ya saba tsayawa ba.

In birki ya ƙi kana cikin tafiya

Kada ka ruɗe. Ɗaga ƙafa daga totur. In ƙaramar mota ce mai man birki, taka ka saki da sauri sau da yawa, wataƙila ya kama. Sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ja birkin hannu sannu-sannu, don in ka fizge shi mota tana iya juyawa. Yi ta danna oda, kunna fitila, mutane su watse. Nemi rairayi, ko ɗan tudu, ko ƙananan itatuwa ka nufa. Kada ka kashe inji sai mota ta tsaya, don a motoci da yawa in inji ya mutu sitiyari da birki sukan yi tauri.

Mu fasinja ma muna da baki. In ka ga direba yana ta famar taka birki tun a tasha, ka tambaye shi cikin ladabi. In hankalinka bai kwanta ba, sauka ka jira wata. Ke ma, uwargida, in mai babur yana gudu da ke da goyo, ki ce masa, "Malam, rage gudu." Ba rashin kunya ba ne. Kada kuma mu riƙa zuga direba wai mun makara kasuwa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, to amma wanda ya ji birki na ƙara wata guda ya ƙi gyarawa, sakacinsa ne, kuma hakkin mutane yana wuyansa.

Mu yi lissafi

A ɗauki ƙaramar mota mai birki lafiyayye a busasshiyar kwalta. In tana gudun kilomita 50 a awa, kafin direba ya kai ƙafarsa ga birki ta ci kimanin mita 14. Bayan ya taka za ta ƙara kimanin mita 14. In tana gudun 100, za ta ci mita 28 kafin ya taka, sannan mita 56 bayan ya taka. Kun gani? Gudu ya ninka sau biyu, amma aikin birki ya ninka sau huɗu.

Tambayoyi

1. Mita nawa duka mota mai gudun 50 take ci kafin ta tsaya? Mai gudun 100 fa?
2. Faɗi hanya biyu da zafi yake kashe birki.
3. Me ya sa tsoho ya hana yaronsa zuba ruwa a ƙafar mota?
4. Me ya sa ruwan sabulu ba zai maye man birki ba?
5. Wane wuri ne a garinku ko ƙauyenku ya fi hatsari in birki ya ƙi? Ku tattauna abin da za a yi.

Aikin gida

Rubuta wannan jimla sau uku cikin littafinka: Rigakafi ya fi magani. Sannan ka karanta wa wani direba ko mai babur na gidanku alamun nan biyar.