Kalmar "Fábula" a Sifaniyanci: Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nazarin kalmar fábula, wadda akan fassara da "tatsuniya", domin a ga ko fassarar ta dace.

Asalin Kalmar

Kalmar ta samo asali daga Latin, inda fabula ke nufin zance ko labari. Daga wannan tushe ne aka sami fablar na tsohon Sifaniyanci, wanda ya zama hablar, wato yin magana, bayan sautin /f/ na farkon kalma ya rikiɗe. Ashe ke nan fábula da maganar yau da kullum tushensu ɗaya.

Ma'anoninta

Ma'ana ta farko ita ce gajeren labari, a zube ko a waƙe, wanda galibi dabbobi ne taurarinsa, kuma yakan ƙare da darasi da ake kira moraleja. Ta biyu ita ce labarin alloli na Girkawa da Rumawa. Ta uku kuwa ita ce ƙage ko jita-jita. Bahaushe ma yakan ce "wannan ai tatsuniya ce" idan bai gaskata zance ba. Haka nan a maganar yau da kullum a Sifen, de fábula na nufin abu ya yi kyau matuƙa.

Matsayinta a Adabi

Wajen shekarar 1251 aka fassara Kalila wa Dimna daga Larabci zuwa harshen Kastil, littafin da malaman ƙasar Hausa ma suka sani. Daga baya Samaniego ya fara fitar da Fábulas morales a 1781, Iriarte kuma ya fitar da Fábulas literarias a 1782, dukkansu a waƙe.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa tatsuniya ta fi fábula faɗi. Tatsuniya ta ƙunshi labaran Gizo da Ƙoƙi, da na dodanni, har da kacici-kacici, kuma ba lallai ne mai ba da ita ya fayyace darasinta ba. Sau da yawa akan bar wa mai sauraro ya tsinto. Ita kuwa fábula ta adabi tana da sanannen marubuci, darasinta kuma a fili yake. Saboda haka ya kamata mai fassara ya ce "tatsuniyar dabbobi mai darasi" a ma'ana ta farko, ya koma ga "almara" ko "ƙage" inda muhallin zance ya buƙaci haka.