Me ya sa maganin feshi ya daina kashe tsutsar tumatir?

Wani mai sauraronmu daga Taba, manomin rani ne da ke kai tumatir kasuwannin Ikara da Makarfi, yana tambaya: maganin da bara ya share masa tsutsa, me ya sa bana take cin ganye kamar ba a fesa ba?

To Malam, mun gode. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon asalinta Kudancin Amurka ne, kuma ɓarnarta ce ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016.

A cikin dubban tsutsotsin nan, ba duka suke iri ɗaya ba. Ƙalilan an haife su da juriyar dafin. Ka fesa, sauran suka mutu, su kuwa suka tsira cikin ramukan da suka huda a ganye, suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji juriyar. Da zafi, cikin kusan wata guda sabuwar zuri'a ta fito, kafin rani ya ƙare masu taurin sun cika fadama. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859. Haka ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta yi wa kulorokwin, har Najeriya ta sauya magani a 2005.

Ƙara yawan maganin asarar kuɗi ne, ga cutar da lafiyarka. Riƙa sauya magungunan da sinadarinsu ya bambanta, ka ƙone kararen bayan girbi, sannan ka nemi shawarar malaman gona na Samaru.